Sha Biyu Saura Minti Ɗaya

Ranar farko ba mu ga fuskar kowa ba.
Takarda ce ta faɗo cikin wayata,
shafi huɗu, daga Malama Asabe Kure:
aikin gida, ashirin cikin ɗari;
gwajin kowace Laraba, sha biyar;
jarabawar tsakiyar zango, ashirin da biyar;
sauran arba'in suna can ƙarshe
kamar mai bin bashi a bakin zaure.
Daga ƙasa, da jan rubutu:
ƙofa tana rufewa daren Lahadi,
sha biyu saura minti ɗaya.
Kowace ranar latti tana cin goma.
Amsa kaɗai ba ta wadatar ba. Nuna hanyar da ka bi.

Ni mai shimfiɗa tayil ne a Rigasa.
Shekara sha bakwai ina durƙushe a ɗakunan mutane.
In na taka falo daga bango zuwa bango
na san kwali nawa zai ci, har da rarar na fashewa.
Ba wanda ya taɓa ce mini nuna hanya.
Su dai su ga daɓe ya kwanta.

Makon farko na tura amsoshi tsirara,
takwas daidai cikin goma.
Maki ya dawo: huɗu.
Na kifa wayar a kan buhun siminti
na yi ta mita kamar tana ji.

Gwajin Laraba kuwa na'ura ce alƙali.
Na sa waƙafi inda take son aya,
ta ce ban san rabi ba,
ni da nake raba tayil biyu da ido.

Wata Lahadi cikin Agusta
ruwa ya kwana yana zuba,
kogi ya cika har ana zuwa kallo a gada,
wuta ta tafi tun Juma'a.
Ladidi, 'yata, ta riƙe mini tocila tana hamma.
Na gama, na ɗauki hoto, na danna.
Baturi saura bakwai.
'Yar da'irar nan ta shiga juyawa
kamar akuya a turke.
Na fita tsakar gida, leda a ka, hannu sama,
ina roƙon sabis.
Sha biyu da minti huɗu ya tafi.
Goma ta tafi tare da shi.

Na rubuta wa Malama, da ɗan zafi.
Ta amsa da asuba:
"Malam Ɗanlami, dokar ta kowa ce.
Amma ana yafe aiki ɗaya mafi ƙarancin maki.
Duba shafi na uku."
Ban taɓa kaiwa shafi na uku ba.

Sai ranar da muke aiki a Barnawa,
yarona Iliya ya yanke tayil shida, duk gajeru.
Na buɗe baki zan yi faɗa
sai na ji kaina ina cewa,
zo, nuna mini yadda ka auna.
Ya nuna.
Awon farko daidai, na biyu daidai,
kaurin siket ya cire sau biyu.
Nan kaɗai.
Na daɗe tsugune, tef a hannu,
ban ce komai ba.

Sakamako ya fito ina cikin keke a Kawo.
Sittin da ɗaya.
Ba na tambari ba ne, ba na kuka ba.
Na buɗe tambaya ta shida, wadda na san na faɗi:
bakwai cikin goma.
Ta zagaye layi na huɗu,
inda alamar ragi ta sulale mini,
ta rubuta: "A nan ka zame.
Sauran hanyar lafiya take."

Har yau ban san fuskarta ba.
Wataƙila mun taɓa haɗa layi a banki,
ko ta taka daɓen da na shimfiɗa
ba ta ji wani gefe ya ɗaga ba.

Zango na biyu zai fara Litinin.
Na sayi batirin ajiya na hannu.
Takardar ta iso jiya, shafi biyar.
Daga na uku na fara.